Arahar Bayan Biki: Wa Ke Cin Riba, Wa Ke Biyan Kuɗinta?

A makon ƙarshe na watan Disambar 2024, da jami'a ta sallame mu hutun ƙarshen shekara, na kwashi iyali muka nufi gida Gwarzo. Kwana biyu da isarmu, muna zaune a zaure bayan Isha'i muna jin ɗumin gawayi saboda hunturu, sai ɗan yayana, wanda ke aji biyu a wata babbar makaranta, ya matso kusa da ni ya miƙo mini wayarsa. Hoton takalmi ne. An ja jan layi a kan wani farashi, an rubuta wani a ƙasansa, ga kuma agogo a gefe yana ƙirga sa'o'in da suka rage kafin damar ta wuce.

"Baffa, rabin kuɗi fa suka zaftare," in ji shi. "Ragin bayan Kirsimeti ne. In ban saya yau ba na yi asara."

Na tambaye shi ko kafin ya ga hoton yana da niyyar sayen takalmi. Ya yi ɗan shiru, sannan ya ce a'a, amma ai araha ce.

Washegari na je gaida gwaggona a wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Kabo. Na tarar da taure biyu a turke, sun yi ɓul-ɓul. Tun ƙarshen damina take ɗura musu dusa da kowar wake, da nufin sayar wa fataken da ke lodin dabbobi zuwa Kudu gab da Kirsimeti. Rashin lafiya ya kwantar da ɗanta mai kai mata kasuwa, bai samu fita da su ba sai da bikin ya wuce. Uku ne da farko. Ɗaya ta sallama a kan tilas saboda kuɗin magani, biyu aka dawo mata da su.

"Ɗan nan, mun makara," in ji ta. "Masu lodi sun tafi. Wanda ya taya ma, tayin da ya yi ko kuɗin dusa bai fitar ba."

A kan hanyar komawa na yi ta juya maganganun nan biyu a raina. Yaron da tsohuwar duk a kan abu ɗaya suke magana, wato faɗuwar farashi bayan biki. Shi yana kallon ta daga wajen mai saye yana zumuɗi, ita tana kallon ta daga wajen mai sayarwa tana takaici. Kowace araha tana da wanda ya biya kuɗinta, kuma a yankinmu sau da yawa mu ne masu biyan.

Asalin al'adar da ta biyo waya ta iske ɗan yayana har zaure daga Ingila take. Ranar 26 ga Disamba, wadda suke kira Boxing Day, hutu ce a can, kuma mu ma a Nijeriya mun gaji hutun daga Turawan mulkin mallaka. Manyan kantuna sun mayar da ita ranar karya farashin duk abin da bai fita ba kafin Kirsimeti. Lokacin da nake karatun digirina na uku a can, na taɓa fita da asubar wannan rana cikin sanyi mai shiga ƙashi, na ga mutane sun yi dogon layi a ƙofar kanti tun kafin a buɗe. Ni ma na bi sahu, na fito da riguna biyu masu kauri. Ɗaya na mora. Ɗayar har na gama karatu na dawo Kano ban cire mata takarda ba. Amurkawa kuma suna da Black Friday, Juma'ar da ke bin bikin godiyarsu na ƙarshen Nuwamba, wadda kamfanonin ciniki ta intanet irin su Jumia suka yayata a ƙasar nan har ta zama sananniya ga duk mai riƙe da babbar waya.

Ba tausayi ne ke sa mai kanti ya rage kuɗi ba, lissafi ne. Kayan da aka saro domin biki, da zarar bikin ya wuce sun zama kwantai: sun tare wuri, sun danne jari, yayinsu kuma yana gushewa. Gara a sallama su da ƙaramar riba, ko ma a uwar kuɗi, a juya jarin zuwa wani abu. Akwai kuma wata dabarar da masana tattalin arziki suka daɗe da ganewa, ta sayar da kaya iri ɗaya a farashi biyu. Mai gaggawa, wanda dole ya samu abin kafin ranar biki, shi ake tatsa. Mai haƙuri, wanda zai iya jira, shi ake rage wa. Ta haka ɗan kasuwa yake cin kuɗin duka biyun.

Duk wannan ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe, sunan Turancin ne kawai sabo. Wanda ya taɓa shiga kara a yammacin ranar Babbar Sallah, ko washegarinta, ya san yadda ragon da jiya mai shi ke ta cewa albarka yake komawa abin lallashin mai saye. Falken da ya ɗauko dabbobi daga nesa yana duba kuɗin harawa da na motar mayar da su, sai ya ga sallamawa ta fi masa sauƙi. Wanda ya shiga Kantin Kwari mako biyu bayan Ƙaramar Sallah zai iske layukan da ba a iya ratsawa a goman ƙarshe na azumi sun zama fili, mai shago har kujera yake ba ka. Telan da ya ɓoye maka a daren Sallah, yanzu shi ke tambayar ko akwai ɗinki. Rigunan sanyi na gwanjo a Ƙofar Wambai suna tsada a tsakiyar hunturu, da iska ta fara ɗumi sai a zube su a ƙasa ana kiran mai saye. Kirsimeti ma, ko da yake akasarin mutanen Gwarzo da Kabo ba sa yin bikinta, tana taɓa aljihunmu kai tsaye: awaki da kaji da zabi suna daraja a kasuwar Getso da sauran kasuwannin mako idan ta ƙarato, saboda masu lodi zuwa Kudu, sannan su sauko idan ta wuce.

Tun da arahar tana nan a tsakaninmu, me ya sa talakanmu bai cika morar ta ba? Na lura da halaye uku da muke fuskantar ta da su.

Na farko shi ne kunya. A wurinmu darajar sabon kaya tana ga ranar da aka sa shi. Yaro ya fita hawan Idi da tsohuwar riga, ko da za a ɗinka masa uku bayan mako guda, uban yana ganin ya gaza, uwar kuma tana tsoron gorin kishiya ko na maƙwabta. Saboda haka magidanci zai ci bashi ya sayi yadi a lokacin da ya fi kowane lokaci tsada, ya biya tela kuɗin gaggawa, sannan ya kwashe wata biyu yana sauya hanya don kada ya haɗu da mai binsa. Magabata sun riga sun yanke hukunci a kan wannan da suka ce Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi. Har a sha'anin layya haka abin yake. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun karantar da cewa yanka ya halatta a ranar Idi da kwana biyun da ke bin ta, duk da cewa ranar farko ta fi falala. Amma na san magidanta da dama da suka gwammace su ɗauki rago bashi da tsada, maimakon su jira washegari su saya da abin da ke hannunsu, don kawai kada a ga gidansu babu hayaƙi ranar farko. Ban ce farin cikin yara a ranar Sallah abin wasa ba ne. Ina dai tambaya ne, ko dole ne sai kowane abu, daga hula har labulen ɗaki, ya zo a wannan mako mai tsada.

Hali na biyu shi ne zargi, kuma ya fi yawa ga dattawa. Araha ba ta ado, in ji su, banza kuma ba ta kai zomo kasuwa. Idan aka ce wa dattijon ƙauye an rage kuɗin abu, tambayar da zai fara yi ita ce mene ne aibinsa. Wannan zargi yana da tushe. A cikin kayan da ake zubewa bayan biki akwai lemon kwalba da madarar gwangwani da biskit da wa'adinsu ya kusa cika ko ya riga ya cika, akwai atamfar da rana ta cinye gefenta, akwai takalmin da ƙafa ɗaya ta fi ɗaya girma. Irin waɗannan kaya, idan sun ƙi fita a birni, kasuwannin ƙauye ake turo su, inda mai saye ba lalle ne ya iya karanta kwanan watan da ke jikin gwangwani ba. Illar zargin ita ce yakan yi wa kowa kuɗin goro, har a guje wa ragi na gaskiya a kan kaya masu kyau.

Hali na uku shi ne zumuɗi, kuma shi ne sabo. Ya shigo ne da wayar hannu, ya fi kama matasa da matan aure masu bin masu talla a WhatsApp da Facebook da TikTok. Wannan ne ya fi damuna, domin an gina shi ne a kan wani rauni na tunanin ɗan Adam da aka yi nazarinsa sosai. A 1974 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Amos Tversky da Daniel Kahneman, sun wallafa wani gwaji a mujallar Science. Sun juya wata ƙafar caca a gaban mutane, wadda aka shirya ta tsaya ko dai a kan 10 ko a kan 65, sannan suka tambaye su kashi nawa cikin ɗari na ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya ne ƙasashen Afirka. Waɗanda suka ga 10, tsaka-tsakin amsarsu 25 ne. Waɗanda suka ga 65 kuwa, 45. Lambar da ba ta da wata alaƙa da tambayar ta ja hankalinsu zuwa gare ta. Aikin da farashin nan mai jan layi yake yi ke nan. An sa shi ne don ya zama turken da hankalinka zai ɗaure a jiki.

A ce takalmin da ake sayarwa naira 20,000 a watan Oktoba, an ɗaga shi zuwa 38,000 a Disamba, sannan bayan biki aka ja masa layi aka rubuta 19,000. Mai saye zai tafi yana murnar ya tsira da 19,000, alhali 1,000 kacal aka rage masa, shi kuma ya fitar da 19,000 a kan abin da bai yi niyyar saye ba. Dillalin kara ya san wannan dabara tun kafin a haifi waɗancan masana, shi ya sa yake fara yanka kuɗi daga sama. Bambancin shi ne a kara kana da bakin tayawa, kana da idon duba haƙoran dabba, kana da maƙwabcin da za ka tambaya nawa ya sayi tasa. A waya kai kaɗai ne da hoto da agogo mai ƙirga.

Kada a ɗauka ƙauyanci ne ke sa mutum ya faɗa wannan tarko. A 2012 wani babban kamfanin kantuna a Amurka, JCPenney, ƙarƙashin sabon shugabansa Ron Johnson, ya yanke shawarar daina wasan ɗaga farashi da rage shi, ya koma sa farashi ɗaya mai sauƙi a kowane lokaci. Masu saye suka gudu. Cinikin kamfanin ya faɗi da kimanin kashi ɗaya bisa huɗu a shekara guda, aka sallami shugaban a watan Afrilun 2013. Ashe mutane sun fi son daɗin jin cewa sun yi wa mai kanti wayo a kan sauƙin farashin kansa. Saboda sanin haka ne Tarayyar Turai ta kafa ƙa'ida, wadda ta fara aiki a 2022, cewa duk mai shelar ragi dole ne ya auna shi da mafi ƙarancin farashin da ya sayar da kayan a kwanaki 30 da suka gabata. Mu ma muna da dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta tarayya, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019, ta kuma haramta yaudarar mai saye, ga hukumar FCCPC da ke kula da ita, ga kuma hukumar kare haƙƙin masu saye ta Jihar Kano. Sai dai tsakanin doka a takarda da rumfar kasuwar ƙauye akwai tafiya mai nisa.

Duk da haka, abin da ya fi waɗannan halaye uku nauyi shi ne wanda gwaggona ta nuna mini ba tare da ta sani ba. A Ingila mai albashi ne ke tsaye a layi yana jiran babban kanti ya karya farashi. A Gwarzo da Kabo kuwa, babbar arahar ƙarshen shekara ita ce ta kaka, kuma manomi ne kantin da ake karya wa farashi. Daga Oktoba zuwa Janairu kowa ya girbe masara da dawa da gero da wake da waken suya, kowa kuma yana da matsuwa a lokaci guda: bashin taki, kuɗin makaranta na zangon Janairu, bikin 'ya'ya da aka ɗage zuwa bayan girbi. Sai a yi ta fitar da buhuna kasuwa, farashi ya sauko, masu jari su saye su kai rumbunan ajiya a Dawanau da sauran wurare. Idan bazara ta yi nisa, damina ta kama, rumbu ya yi ƙasa, manomin nan shi zai dawo yana auna hatsin a kwano da tsada. Ya sayar a lokacin araha, ya saya a lokacin tsada. Ga shi kuma kuɗin da ya karɓa a kaka yakan kashe shi ne a kan kayan biki a daidai lokacin da kowa ke sayen kayan biki. Talaka yana yin asara ta fuska biyu, kuma duka biyun matsalar lokaci ce.

Hauhawar farashi ta ƙara dagula lissafin. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki darajar naira a watan da ya biyo, kaya ba su zauna wuri ɗaya ba. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar ta kai kashi 34.80 cikin ɗari a Disambar 2024. A irin wannan yanayi, abin da ake kira ragi yau yakan zama farashin da aka saya ba tare da ragi ba watanni kaɗan da suka wuce, sannan ɗan kasuwa da ya san sabon sari zai fi tsada ba ya gaggawar karyar da tsohon kaya. Ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ba shi da rarar da zai ajiye yana jiran araha. Araha ta mai tsabar kuɗi a hannu ce, kuma bayan biki shi ne lokacin da hannun talaka ya fi bushewa.

To, ina mafita? Ba ni da babbar dabara, sai ƙananan gyare-gyare da na ga wasu gidaje sun gwada sun ji daɗi.

Da farko a raba kayan da ranar biki ke ba su daraja da waɗanda ba ruwansu da rana. Rigar yaro ta Idi a yi ta da wuri, tun kafin azumi. Amma kayan ɗakin amarya, kwanuka, zannuwan gado, atamfofin lefe, rigunan sanyin baɗi, duk ana iya tara su a makonnin da kasuwa ta yi sanyi. Iyayenmu mata sun daɗe suna haka, suna tara wa 'ya mace kwano ɗaya ɗaya tun tana ƙarama. Abu na biyu ya shafi adashi. Kusan kowace mace tana roƙon uwar adashi ta ba ta ɗauka gab da Sallah. Wadda ta karɓi nata mako biyu bayan Sallah, kuɗinta ya fi na sauran auki, alhali zubinsu ɗaya. Na uku, kafin a shiga kasuwa ko a buɗe waya, a rubuta abin da ake buƙata. Duk abin da ba ya cikin takardar, komai arahar sa, kashe kuɗi ne. A kuma tambayi wanda ya saya wata biyu baya nawa ya biya, a duba kwanan watan da ke jikin duk abin da za a ci ko a sha.

Ga masu sayarwa kuma, mai kiwo ya san kalandar mai sayensa kamar yadda ya san tasa. Dabbar Kirsimeti ta fita tun mako biyu kafin ranar, lokacin da motoci ke lodi, domin falke yana buƙatar kwanakin hanya. Manoma su ma, da za su haɗa kai a ƙungiyance su ajiye wani kaso na amfaninsu, su ranta wa mai matsuwa a cikinsu abin biyan buƙata maimakon ya zubar da buhunsa, da ribar bazara ta tsaya a ƙauye. Wannan wuri ne da ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo, da attajiranmu mazauna birni, za su iya taimakawa da rumbun ajiya mai aminci.

Akwai dalilin gaggauta wannan tunani. Kalandar Musulunci tana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara. Masu shekaru irin nawa suna tuna 2006, lokacin da Babbar Sallah ta faɗo a ƙarshen Disamba, kwanaki kaɗan bayan Kirsimeti. Nan da 'yan shekaru, a farkon shekarun 2030, azumi da Ƙaramar Sallah za su dawo cikin Disamba da Janairu. A lokacin, kaka da Kirsimeti da Sallah da kuɗin makaranta duk za su haɗu a wuyan magidanci ɗaya. Gidan da bai koyi rarraba sayayyarsa a cikin shekara ba zai sha wuya.

Kafin in bar Gwarzo na sayi taure ɗaya a wurin gwaggona, a farashin da ya kamata ta samu da ba ta makara ba. Ta ƙi karɓa da farko, tana cewa ai kasuwa ta faɗi, kada in cuci kaina. Sai da na ce mata na sunan da za a yi a gidan ƙanena ne, kuma ko a kara haka zan saya, sannan ta sa hannu. Ɗayan ta ce za ta ci gaba da kiwonsa har azumi ya wuce. Ɗan yayana kuwa bai sayi takalmin ba, don na ce masa ya jira kwana uku, in har yana so ni zan biya. A rana ta huɗu ya zo yana dariya ya nuna mini wayar. Agogon ya gama ƙirgarsa ya koma farko, takalmin yana nan, jan layin yana nan, sun dai sauya rubutun zuwa ragin sabuwar shekara. Na ce to, ga kuɗin. Ya ce in ba shi ya ƙara a na rajistar makaranta.